Babi na 7: Tashar Lafiya a Kan Allo Ɗaya

Duk wanda ya taɓa haɗa motar kara ko ta langa-langa ya san inda daɗinta yake ƙarewa. Ana kwana biyu ana fere kara, ana yanka tsohon silifas a yi tayoyi, ana lanƙwasa gwangwanin madara. Ranar da aka gama sai a ɗaura zare, a ja ta zuwa bakin layi a dawo, a sake zuwa a dawo, kafin la'asar an jingine ta a bayan ɗaki. Ƙaramin jirgin ƙasa na kan tebur ma haka yake, har ya fi saurin gundura, domin motar kara aƙalla tana da unguwa guda ta yawo, shi kuwa ba shi da wurin zuwa sai inda aka shimfiɗa masa dogo. In dogon da'ira ne, zagaye na goma da na farko duk ɗaya ne.

Abin da yakan fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya ƙara tsawo: a samo wani allon, a haɗa, a ƙara dogo. To bari mu yi lissafi. Ma'aunin da masu wannan sana'a suka fi amfani da shi a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda kowane abu yake zama kashi 1 cikin 87 na girmansa na gaskiya. A wannan ma'auni kilomita ɗaya na hanya yana cin mita 11 da rabi. Daga Lafiya zuwa Makurɗi kusan kilomita 100 ne, wato mai son ya kwaikwayi wannan ɗan yankin kaɗai sai ya shimfiɗa ƙaramin dogo na fiye da kilomita ɗaya. Ba zaure, ba ajin makaranta, ba ɗakin taron da zai ɗauka. Ko masu kuɗin Amurka da suke ba jirginsu ɗakin ƙarƙashin gida gaba ɗaya, abin da suke samu bai wuce 'yan kilomitoci ba. Ta hanyar tsawo dai kowa a gajiye yake, mai allo ɗaya da mai allo ashirin. Sai a nemi girman ta wata hanya, kuma tashar jirgin ƙasa ta Lafiya ita kanta ta isa ta koya mana.

Dogon da ya ratsa Lafiya na layin gabas ne. Kwal ɗin da aka gano a Udi a 1909 shi ya sa Turawa suka kafa Fatakwal, suka ja dogo daga can ya iso Inugu a 1916. Yaƙin duniya na farko ya tsayar da aikin, bai kai Makurɗi ba sai 1924, sannan a 1927 aka haɗe shi da Kaduna ta Kafanchan, aka kuma cire reshe daga Kafanchan zuwa Jos. A tsakanin waɗannan shekaru uku ne dogo ya bi ta Agyaragu, ya shigo Lafiyar Barebari, ya wuce Mada da Gudi. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067, kuma layi ɗaya ne tal: mai zuwa kudu da mai zuwa arewa duk a kansa za su bi. A kan wannan siririn layi kwal ɗin Inugu ya riƙa hawa zuwa ma'adinan Jos, kuza tana gangarowa zuwa bakin teku, ga gyaɗa, ga shanu, ga manja, ga fasinja. Jirage biyu ba sa iya gilmawa sai a tasha, inda aka yi layin kaucewa. Saboda haka tasha irin ta Lafiya, wadda mutum zai taka daga wannan baki zuwa wancan cikin 'yan mintoci, tana riƙe da harkar ɗaruruwan kilomitoci, kuma abin da ya ba ta wannan nauyi tsarin aiki ne: wa zai fara shiga, wa zai jira, wane tarago za a ajiye, wanne za a ɗauka, da ƙarfe nawa.

Wannan tsarin shi za mu ɗora wa allonmu mai tsawon mita 2 da faɗin rabin mita. A kansa layi huɗu sun isa: babban layi da ya ratsa, layin kaucewa a gefensa mai buɗe ta baki biyu, layin sito mai toshe ta ƙarshe, da wani gajere na lodin dabbobi. Wannan tsari namu ne, mun zaɓe shi ne don ya dace da allon. Wanda ya samu dogon kanti na milimita 16.5 zai iya bin dabarar mutanen Niyu Zilan, waɗanda dogonsu faɗi ɗaya ne da namu: suna gina taragu a ma'aunin 1 cikin 64, sai faɗin ya fito daidai. Wanda bai samu ba, tsinken kara biyu da aka manna a kan kwali dogo ne, kwalin magani tarago ne, hannu kuma inji ne. Ni ina ma ganin turawa da hannu ta fi mana, tunda ba ta jiran a kawo wuta. Sharaɗi ɗaya kawai: taragun kaya su zama tsawonsu ɗaya, domin da tarago za mu riƙa auna kowane layi.

Dabara ta farko ita ce ɓoye bakin hanya. A ƙarshen arewa a ɗaga tudu da takarda da sitaci, a shafa masa launin duwatsun Eggon, dogo ya shige bayansa. A ƙarshen kudu a jera itatuwan mangwaro na soso ko a tsayar da bangon kwali. Bayan kowanne a ajiye faranti na katako mai ɗaukar jirgi guda, wanda za a iya cirewa a sauya. Farantin kudu shi ne Agyaragu da Makurɗi da Inugu da Fatakwal baki ɗaya. Na arewa shi ne Gudi da Kafanchan da Jos da Kaduna. Jirgin da ya shige bayan tudu ya tafi ke nan, ba ya dawowa sai jadawali ya ce ya dawo, kuma in ya dawo da wasu taragu zai dawo. Ido bai ga Kafanchan ba, amma ya ga an tafi da shanu an komo da siminti, sai zuciya ta cike sauran. Frank Ellison, wani Ba'amurke na New Orleans da ya yi aikin wasan kwaikwayo kafin ya shahara da ƙaramin layinsa mai suna Delta Lines, ya bayyana wannan tun a 1944: ya ɗauki allon a matsayin dandalin wasa, jirage 'yan wasa, jadawali kuma shi ne labarin. Ɗan wasa ba ya zama a dandali daga farko har ƙarshe. Yakan fita, fitarsa kuma tana da ma'ana.

Farantin kudu ma yana da asali a tarihi. Daga lokacin da dogo ya wuce Makurɗi har zuwa 1932 da aka buɗe gadar Binuwai, a kan jirgin ruwa ake ɗora taragu a haye da su kogin. Wanda ya zaɓi ya kwaikwayi shekarar 1930 sai ya ce farantinsa shi ne jirgin fiton, ba ya ɗaukar fiye da tarago huɗu a sawu guda. Nan take ya samu dalilin da ya sa jiragensa gajeru ne.

Dabara ta biyu ita ce wadda ta fi kowace aiki, ita ce kuma aka fi rainawa domin takarda ce kawai. Kowane tarago a rubuta masa lamba a jiki, a yi masa kati mai wannan lambar, a naɗe gindin katin ya zama aljihu. Sai a yanka ƙananan takardu a rubuta umarni a kan kowace: “Kananzir daga Fatakwal, a sauke a siton Lafiya.” A bayanta: “Wofi, a loda riɗi, zuwa Fatakwal.” Wata: “Wofi daga Kafanchan, a loda doya, zuwa Kano.” Wata: “Shanu daga Jos zuwa Inugu, wucewa kawai.” A cakuɗa su a cikin hula, a zaro, a saka a aljihunan katunan kafin a fara. Daga wannan lokaci babu taragon da ke motsi don ra'ayin mai turawa. Yana motsi ne don wani ɗan kasuwa da ba a gani yana jiran kayansa. In tarago ya isa inda aka aike shi, sai ya kwana, wato ya jira zama na gaba, a juya takardarsa, sabuwar tafiya ta fito.

A nan ne sanin gari yake amfani. Yaron Lafiya ba ya buƙatar littafi ya gaya masa abin da ƙasarsu ke fitarwa: doya, riɗi, agushi, shinkafa, rogo, gishirin Keana da Awe. Ya san lokacin da sabuwar doya ke cika kasuwa, ya san riɗi sai an shiga kaka, ya san gabanin babbar salla raguna ake kwasa zuwa kudu. Sai a raba takardun umarni ambulan-ambulan bisa ga yanayi. Zaman da aka ce damina ce, taki ne ke shigowa, taragu da yawa suna fita wofi. Zaman da aka ce kaka ce, layin sito ya cika, 'yan kasuwa suna neman tarago biyar alhali uku ne a tasha, shugaban tasha ya rasa wanda zai ba. Allon bai ƙaru da ko inci ɗaya ba, amma yanzu yana da shekara guda a cikinsa.

Bari mu duba aiki ɗaya a tsanake. Jirgin kaya ya iso daga Makurɗi da tarago huɗu, ya tsaya a babban layi, kansa yana fuskantar arewa. Kati ya nuna tarago na uku ne na Lafiya, kananzir ne. Layin sitonmu bakinsa yana kallon kudu, ƙarshensa na arewa a toshe. In kan jirgin ya ja taragon ya shiga kai tsaye, ya rufe kansa ke nan, tarago a bayansa, bango a gabansa. Dole ya kwance, ya yi gaba shi kaɗai, a sauya masa layi, ya dawo da baya ta layin kaucewa, ya wuce jirgin nasa, ya ɓullo ta wutsiya. Sai ya kama tarago na huɗu da na uku, ya ja su kudu har su wuce mararrabar sito, a juya, ya tura su ciki. Ashe a bakin siton akwai taragon doya da aka loda jiya, takardarsa ta ce Kano. In an tura kananzir a kansa an danne shi. To sai a fara fiddo doyar, a jingina ta da jirgin, a koma a ajiye kananzir, a mayar da na huɗu, kan jirgin ya sake zagayawa ya koma gaba. Tafiyar da aka yi duka ba ta fi 'yan taku ba, amma an ci kwata na awa ana tunani. Kuma ana tsakiyar haka sai mai riƙe da farantin arewa ya ce jirgin fasinja ya baro Mada, yana son layin kaucewar da kake zagayawa ta kansa.

Masu sha'awar wannan ɓangaren sun mai da shi wasan ƙwaƙwalwa mai zaman kansa. A 1972 mujallar Model Railroader ta buga wanda John Allen na Monterey a Kalifoniya ya ƙirƙira, mai suna Timesaver, ɗan allo mai gajerun layuka inda ake gasar wanda zai kai kowane tarago mazauninsa cikin lokaci mafi ƙanƙanta. A ƙarshen shekarun 1970 wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya fito da wanda ya fi shi sauƙi, Inglenook Sidings, a kan allo mai ƙafa 4 da ƙafa 1. Layi uku ne masu toshe: ɗaya na ɗaukar tarago 5, biyu na ɗaukar 3 kowanne, layin da ake ja baya a kansa kuma ba ya ɗaukar fiye da kan jirgi da tarago 3. Taragu 8 ne a fili. Ana zaro kati 5, a haɗa jirgi da waɗannan biyar ɗin bisa jerin da suka fito. Malamin lissafi zai so wannan: 8 sau 7 sau 6 sau 5 sau 4, jeri 6,720 ke nan daban-daban. Na fi son na Wright, domin yana kama da aikin da ake yi a tashar gaske. Na Allen an cusa masa wahala da gangan, babu injiniyan da zai shimfiɗa dogo haka. Darasin da ke cikinsu duka biyun shi ne ƙuncin wuri ba aibu ba ne. In ka tsawaita layin jan baya har ya ɗauki tarago 8, wasan ya mutu.

Sai dokar hanya. A layi ɗaya, abin tsoro shi ne jirage biyu su shiga yanki guda suna fuskantar juna. Maganin da Ingilishi suka samo, suka kuma kai ƙasashen da suka mallaka, shi ne alama ta ƙarfe: tsakanin kowace tasha da maƙwabciyarta akwai sanda ko faifai, direba ba ya tashi sai yana riƙe da ita. Bayan karon da aka yi a Thorpe a 1874, Edward Tyer ya ƙera na'ura mai aiki da waya wadda ba ta sakin faifai na biyu sai na farko ya koma. Duk da haka a ranar 26 ga Janairu 1921, a Abermule ta ƙasar Wales, ma'aikatan tasha suka ruɗe, aka miƙa wa direba faifan yankin da ya baro, shi kuma bai duba ba, ya tashi ya yi karo da jirgin da ke tahowa. Mutum 17 suka mutu. Na'urar ba ta yi kuskure ba.

A allonmu tsofaffin makullai biyu sun wadatar, ɗaya an ɗaura masa jan zare an rubuta Agyaragu, ɗaya kore an rubuta Mada. Ba mai tura jirgi ya fita ko ya shigo sai makullin wannan ɓangaren yana hannunsa, kuma sai an nemi izini da baki:

“Lafiya, Agyaragu ce. Ina da jirgin kaya, a ba ni hanya.”

“Dakata tukuna, Agyaragu, layina a cike yake.”

“Ranka ya daɗe, na makara fa.”

“Ka makara ɗin. Sai fasinja ya wuce.”

Yara sukan yi dariya a karon farko, a na uku kuwa za ka ji ƙaramin cikinsu yana hana yayansa hanya da murya irin ta manya, yayan kuma ya haƙura. Jiran nan shi ne nisa. Jirgin da aka tsayar minti biyar a bayan itatuwan mangwaro, a ran masu wasa yana can wajen gari, ko da yake tazararsa da sito ba ta kai kamu biyu ba. Wannan ne ya sa aikin ya fi kyau da mutum huɗu: shugaban tasha mai riƙe da katuna da makullai, direba, da mutum ɗaya a kowane faranti. Na faranti ba ɗan kallo ba ne, shi ke cire taragun da suka “isa Fatakwal”, ya juya takardunsu, ya haɗa jirgi na gaba.

Game da agogo kuwa ina da ja. Al'adar masu wannan harka ita ce agogo mai sauri, misali minti 10 na gaske ya zama awa ɗaya, ta yadda yinin tasha na awa 12 zai ƙare cikin awa 2. Akwai manhajojin waya da ke yin haka, ko a zana fuskar agogo a kwali wani ya riƙa matsar da hannun. Yana da amfani wajen sa tafiyar minti biyar ta zama “rabin awa zuwa Agyaragu”. Amma jera taragu ba ya saurin da agogon ke yi; hannu da ƙwaƙwalwa a lokacin gaske suke aiki, sai ka ga ajiye tarago ɗaya ya ci “awa biyu”, kowa ya shiga gaggawa, ana ɗaga tarago da hannu a tsallake layi. Ga masu farawa, jadawalin jeri ya fi: a rubuta abin da zai faru ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙarfe kaza ba. Na farko, jirgin kwal ya wuce arewa, ya tsaya shan ruwa. Na biyu, jirgin kaya na tsaye-tsaye ya iso daga kudu ya yi aikin sito. Na uku, fasinja daga Kafanchan ya gilma da shi. Ba a shiga na gaba sai an gama na baya. In hannu ya faɗa, a kawo agogo.

Wannan shan ruwan ma ba ado ba ne. In shekarar da aka zaɓa ta zamanin injin kwal ce, kowane kan jirgi sai ya je gindin tankin ruwa ya tsaya, kuma inda ka dasa tankin zai iya tare wa wani hanya. Injinan dizal sun fara shigowa Nijeriya a tsakiyar shekarun 1950, lokacin da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa a 1955, suka riƙa maye gurbin na kwal sannu a hankali. Wanda ya zaɓi 1965 zai iya haɗa iri biyun, ya kuma ƙara takardun Bauchi da Gombe da Maiduguri, tunda dogon Borno ya kammala a 1964. Wanda ya zaɓi 1930 ba shi da su. A tsayar da shekara ɗaya a riƙe ta. Allon da aka tara masa komai na kowane zamani ba ya kama da ko'ina.

Yawancin yaran da za su yi wannan wasa an haife su bayan Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, sun tashi suna tsallake dogo a hanyar makaranta ba tare da jirgi ya zame musu abin yau da kullum ba. A watan Maris na 2021 an ƙaddamar da aikin gyaran layin daga Fatakwal zuwa Maiduguri, ta kudu aka soma. Kafin ya iso, masu sanin yadda ake tafiyar da tasha suna nan a gari: tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka yi ritaya, da 'yan kasuwar da suka taɓa yin lodi a tarago. Malamin da ya kafa wannan allo a makaranta ya gayyato ɗaya daga cikinsu ranar wasa, ya ce, “Baba, ga tasharmu, a duba mana.” Kada a ba shi kujerar baƙo. A miƙa masa katunan da makullan biyu, a sa ɗalibi ɗaya kusa da shi da littafi yana rubuta duk gyaran da ya yi, musamman sunayen da suke kiran kowane layi da kowane aiki. Da waɗannan gyare-gyaren za a sake rubuta jadawalin zama na gaba.